Rumfar Renon Itatuwa a Makaranta: Yadda Ake Kafa Ta da Yadda Ake Kula da Ita

Masu karatu, wannan shafi zai yi muku bayani a kan rumfar renon itatuwa, wato wurin da ake shuka ƴaƴan itatuwa cikin leda, a yi ta ba su ruwa a ƙarƙashin inuwa har su yi ƙarfin da za a kai su gona ko bakin hanya a dasa. An shirya shi domin ɗaliban ajin yaƙi da jahilci, da iyayen yara, da malaman makarantun ƙasar Dakwaro a jihar Maraɗi. Ku karanta shi sannu a hankali, sashe bayan sashe. Inda kuka ga lissafi, ku ɗauki alli ku sake yin sa da kanku.

Ɗakin gilashi da rumfar inuwa

A ƙasashe masu tsananin sanyi, kamar Faransa da Ingila, ana gina ɗaki da gilashi domin renon tsirrai. Hasken rana yana shiga ta gilashin, zafin kuma ya kasa fita da sauri, sai cikin ɗakin ya yi ɗumi ko da ƙanƙara tana zuba a waje. A irin wannan ɗaki ne suke renon furanni masu son zafi da laima.

Mafi shahara a cikin furannin nan shi ne wanda ake kira orkide. Yana da iri fiye da 25,000 a duniya. Da yawa daga cikinsu suna girma ne a kan rassan manyan itatuwa cikin dazuzzuka masu yawan ruwan sama, saiwoyinsu a waje suna shan raɓa da laimar iska. Ba sa son rana mai ƙuna, ba sa son iska busasshiya, kuma idan saiwarsu ta daɗe cikin ruwa sai ta ruɓe. Ƙwayar irinsu ƙanana ce ƙwarai, kamar ƙura. Ƙamshin banila da ake sa wa biskit da kek daga wani irin orkide ake samun sa, kuma tsibirin Madagaska ne ya fi kowa noma shi. Wani yaro bawa ɗan shekara 12 mai suna Edmond Albius, a tsibirin Reyuniyon, shi ne ya gano a 1841 hanya mai sauƙi ta yi wa furen banila barbara da hannu, kuma da ita ake aiki har yau.

A Ingila akwai wata makarantar sakandare mai suna Writhlington, wadda ɗalibanta suka fara renon orkide a cikin shekarun 1990, a ƙarƙashin wani malami mai suna Simon Pugh-Jones. Yaran da kansu suke shuka irin, su ba shi ruwa, su rubuta abin da suka gani, su kai furannin wurin baje koli su sayar.

To, mu a Dakwaro ɗumi bai taɓa yi mana ƙaranci ba. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Idan kuka rufe tsiro cikin ɗakin gilashi a lokacin, kafin azahar ya dahu. Orkide kuwa ba zai jure iskar hunturu ba, kuma ba shi da kasuwa a ƙauyukanmu. Abin da tsironmu yake bukata shi ne inuwa, da ruwa, da kariya daga iska da awaki. Saboda haka namu ɗakin reno rumfa ce ta zana da karan gero. Abin da za mu ɗauka daga waccan makaranta shi ne tsarin aikin: kowane yaro da nasa aiki, ana yin sa kullum, ana kuma rubuta shi.

Me ya sa Dakwaro take bukatar wannan aiki

Ƙasar Dakwaro tana kan iyakar noma da kiwo. A kudu, wajen Kornaka da Sabon Mashi, gonakin gero da wake ne. A arewa, daga kwarin Tarka zuwa sama, ƙasar makiyaya ce. Tun 1961 dokar ƙasa ta shata iyakar da noma ba zai wuce ba ta wajen arewa, kuma wannan iyaka ta ratsa yankinmu. Ruwan sama kaɗan ne, damina gajera ce, ƙasar kuma rairayi ce da iska take kwashewa idan ba ta sami abin da zai riƙe ta ba.

Farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, sun kashe dabbobi da itatuwa masu yawa. Daga 1975 aka mayar da ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. A wannan shekara ce kuma aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya na jihar Tawa domin su tare wa gonaki iska. A 1984 aka yi babban taron ƙasa a birnin Maraɗi kan yaƙi da gurgusowar hamada. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa da za ta ratsa Sahel daga Senegal zuwa Jibuti, Nijar kuma tana ciki.

Duk da haka, kowa ya san abin da yakan faru. Ana dasa itatuwa ranar biki, a tafa, a watse, bayan wata uku a tarar da ramuka babu kome. Sau da yawa dashen daga nesa aka kawo shi cikin mota ya wahala, ko an dasa shi a makare, ko ba a san mai shi ba. Itacen da aka rena a makarantar gari, wanda yaro ya san ranar da ya shuka shi, ya fi samun mai tsaronsa.

Tambayoyi uku kafin a fara

Kada ku sayi leda ko ɗaya sai kun zauna da shugaban makaranta, da kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye mata, da mai gari, kun amsa waɗannan tambayoyi.

Ta farko: ina ruwa? Rijiyoyin ƙasarmu suna da zurfi, kuma a bazara mutane da dabbobi suna layi a kansu. Rumfa tana shan ruwa kowace rana har wata uku ko huɗu. Idan ruwan famfo ne na saye, wa zai biya?

Ta biyu: ina shinge? Akuya ɗaya tana iya cinye aikin wata uku kafin malami ya gama kiran suna.

Ta uku: wa zai kula ranar da babu makaranta? Tsiro bai san Asabar da Lahadi ba, bai san hutu ba.

Idan ba ku sami amsar ɗaya daga cikin ukun nan ba, ku dakata tukuna. Idan kun samu, ku fara da kaɗan. Leda 300 zuwa 500 sun isa a shekarar farko.

Zaɓen wuri da gina rumfa

Ku zaɓi wuri kusa da ruwa, shimfiɗaɗɗe, wanda ruwa ba ya kwanciya a kansa, kuma wanda ake hango shi daga aji ko daga gidan mai gadi. Ku kewaye shi da darni mai ƙarfi ko ƙaya, ku sa ƙofa mai rufuwa. Ta gabas da arewa, inda iska take bugowa, ku ƙara zana.

Ku kafa dirkoki, ku ɗora rufi mai tsawon kamar mita 2 daga ƙasa, yadda mutum zai shiga ba tare da ya sunkuya ba. Ku jera karan gero a kai da ɗan tsakani. Rumfar reno ba ta son duhu. Idan kuka dubi ƙasa da tsakar rana, ya kamata ku ga rabi inuwa rabi haske. Tsiron da ya tashi cikin duhu yakan yi tsawo, ya yi siriri, ya yi fari, kuma ba ya jure rana daga baya. Idan akwai babban bedi a filin makaranta, gefen inuwarsa ma yana iya zama wurin reno.

A ƙarƙashin rumfar ku shata fangali mai faɗin mita 1. Kada ya wuce haka, domin hannun yaro ya kai tsakiya daga kowane gefe. Ku haƙe shi kaɗan, kamar zurfin tafin hannu, don ledoji su tsaya daram. Tsakanin fangali da fangali ku bar hanya ta rabin mita.

Haɗa ƙasa da cika leda

Ana sayar da baƙar leda ta reno a kasuwa. Idan babu kuɗi, yara su tsinto ledojin ruwan sha da aka yar, a yanke bakinsu, a wanke. Ta haka an tsabtace gari, an kuma sami abin aiki. Kowace leda a huda ta wuri huɗu zuwa shida a gindi da gefe, don ruwa ya riƙa fita.

Haɗin ƙasa shi ne: kwano biyu na ƙasar gona mai rairayi, kwano ɗaya na taki. Ƙasar da aka ɗebo daga gindin gawo tana da kyau ƙwarai. Takin kuwa dole ya zama tsoho, wanda ya ruɓe ya yi baƙi, ba ya wari, ba ya zafi. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara. Ku tankaɗe ƙasar da takin, ku fid da tsakuwa da kara, ku gauraya, ku yayyafa ruwa kaɗan.

Ku cika ledar, kuna buga gindinta a ƙasa don ƙasar ta zauna, ku bar kamar faɗin yatsa ɗaya a sama. Ku jera su a tsaye, kafaɗa da kafaɗa. Ku ba su ruwa kwana uku zuwa mako guda kafin shuka. Ciyawar da ke cikin takin za ta fito, sai ku cire ta.

Wane itace za a rena

Ku tambayi mutanen gari abin da suke so, musamman mata, domin su ne suka san ganyen miya da itacen girki. Itacen da ba a so, ba a tsaron sa. Ga waɗanda suka dace da ƙasarmu, da yadda ake shirya irinsu. Yawancin itatuwan daji ƙwayarsu tana da ɓawo mai tauri, wanda yake hana ruwa shiga. Idan ba a tausasa shi ba, iri yakan yi makonni bai fito ba.

Gawo. Shi ne abokin manomi. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma ya zama taki. Da rani yana yin ganye da ƴaƴa, dabbobi su ci. Sarakunan Damagaram na da sun hana saran sa, kuma yana cikin itatuwan da dokar ƙasa ta kare. Ku tafasa ruwa, ku sauke shi daga wuta, ku zuba a kan irin, ku bar shi ya kwana. Wanda ya kumbura shi za a shuka.

Bagaruwa. Tana yin shinge mai rai, kuma majema suna sayen ƴaƴanta. Ana shirya irinta kamar na gawo. Ƙwayar da aka tsinto daga kashin awaki a garke ta riga ta yi laushi, ana iya shuka ta haka nan.

Ɗakwara. Ita ce mai ba da ƙaro na sayarwa, kuma tana jure rairayi da fari. Ɓawonta bai kai na bagaruwa tauri ba. Jiƙa ta cikin ruwan sanyi kwana ɗaya ya isa.

Aduwa. A cire zaƙin da ke jikin ƙwallon, a jiƙa shi cikin ruwan sanyi kwana ɗaya ko biyu. Tana da jinkirin girma, amma idan ta kama ba ta mutuwa da sauƙi.

Magarya. A fasa ƙwallon a hankali da dutse, a ciro ƙananan ƙwayoyin da ke ciki, su za a shuka. Idan ta yi kauri, ana iya yi mata aure da magaryar Indiya mai manyan ƴaƴa, wadda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa a Nijar.

Kuka. A goge gefen ƙwayar a kan dutse har farin ciki ya ɗan bayyana, sannan a jiƙa ta kwana ɗaya. Ba sai ta tsufa ake cin moriyarta ba. Ƙaramar kuka ma tana ba da ganyen miya.

Zogale. Ba ya bukatar jiƙo. Yana fitowa cikin mako ɗaya ko biyu, kuma yana isa dashe cikin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Yana son ban ruwa, saboda haka wurinsa gida ne ko lambu.

Bedi, wanda wasu suke kira dogon yaro. Asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Yana ba da inuwa a filin makaranta da kasuwa. Irinsa ba ya ajiyuwa. Ku tsinci nunannun ƴaƴa, ku wanke, ku shuka cikin ƴan kwanaki.

Ku ɗebi iri daga itatuwa masu lafiya, kuma daga itace fiye da ɗaya. Ku shanya shi a inuwa, ku zuba cikin kwalba da ɗan toka, ku rubuta sunansa da ranar da aka ɗebo shi.

Shuka da ban ruwa

Lokacin shuka ana lissafa shi ne daga baya. A nan ana dasawa cikin watan Yuli, idan damina ta zauna. Yawancin itatuwan suna bukatar wata uku zuwa huɗu a rumfa. Ke nan shuka ta kama daga tsakiyar Maris zuwa Afrilu. Zogale kuwa sai a bari har ƙarshen Mayu.

Ku sa ƙwaya biyu ko uku a kowace leda. Zurfin ramin kada ya wuce kaurin ƙwayar sau biyu. Ku rufe, ku danna kaɗan, ku ba da ruwa. Idan duka sun fito, bayan mako biyu ku bar mai ƙarfi ɗaya, ku cire sauran. Kowane fangali a kafa masa ɗan allo mai sunan itacen da ranar shuka.

Ana ba da ruwa sau biyu a rana, da sassafe da kuma bayan la'asar. Kada a ba da shi da tsakar rana. A yi amfani da abin ban ruwa mai rariya a baki, ko gwangwani da aka huhhuda gindinsa, domin ruwa mai ƙarfi yana tone iri. Ku sa yatsa cikin ledar ku ji. Idan ƙasar tana da danshi har ciki, ya isa. Idan ta yi caɓi, ko ta yi kore a sama, ruwa ya yi yawa.

Ga lissafin da za ku gwada. A lokacin zafi, fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1 yana shan kamar lita 20 a rana. Idan leda 100 ce take cika wannan wuri, to leda 500 za su ci fangali mai tsawon mita 5, su sha lita 100 a rana. Wato jarka 4 ke nan mai cin lita 25. A wata ɗaya jarka 120 ne. Yanzu ku tambayi kuɗin jarka ɗaya a garinku, ku fid da abin da ruwan wata uku zai ci. Wannan lissafi shi zai gaya muku yawan ledar da za ku iya renawa.

Kula ta yau da kullum

Ciyawa. A cire ta da hannu tun tana ƙarama, kafin saiwarta ta sarƙe da ta tsiron.

Ɓawon ƙasa. Idan saman ledar ya daskare, a sosa shi da ɗan tsinke don ruwa ya shiga.

Saiwa. Wannan shi ne aikin da aka fi mantawa. Gawo, da aduwa, da bagaruwa suna tura doguwar saiwa ƙasa da sauri. Idan ta huda leda ta shiga ƙasa, tsiron zai yi kyau a ido, amma ranar da aka tumɓuke shi za a tsinke saiwar, ya mutu a gona. Saboda haka kowane mako biyu a ɗaga kowace leda, a yanke saiwar da ta leƙo da wuƙa mai kaifi, a mayar da ita, a ba da ruwa. A yi wannan aiki da yamma.

Ruɓewar gindi. Wani lokaci za ku ga ƙananan tsirrai sun yi baƙi a gindi sun faɗi. Yawan ruwa da yawan inuwa ne suke kawo haka. A fid da waɗanda suka kamu, a rage ruwa, a buɗe rufin kaɗan.

Gara. A kwashe busasshen kara daga ƙasan rumfa, a barbaɗa toka kewaye da fangali.

Fara da tsutsa. Yara su tsince su da safe. Idan sun yi yawa, a daka ƙwallon bedi kamar rabin kilo, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Kada a ajiye maganin ƙwari na kanti a makaranta, kada kuma a ba yaro ya fesa shi.

Ɓeraye, ƙadangaru da tsuntsaye. Suna tone iri, suna cin sabon tsiro. A rufe fangalin da tsohon gidan sauro ko rassan ƙaya har ganye ya yi huɗu.

Horar da dashe

Tsiron da ya saba da inuwa da ruwa safe da yamma, idan aka kai shi gona kai tsaye, rana za ta buge shi. Saura mako uku a dasa, ku fara zare karan rufin kaɗan kaɗan, har a mako na ƙarshe ya zama babu inuwa. Ruwa ma ku mayar da shi sau ɗaya a rana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dashe mai kyau shi ne wanda tsawonsa ya kai kamu ɗaya zuwa biyu, mai kaurin jiki, mai koren ganye. Wanda ya ƙanjame ko ya karkace, kada a wahalar da kai a kansa.

Ranar dasawa

Ku haƙa ramuka tun kafin ranar, faɗi santimita 40, zurfi santimita 40. Ƙasar sama a ajiye ta gefe guda, a gauraya ta da ɗan tsohon taki. Ku jira ruwa mai ƙarfi wanda ya jiƙa ƙasa har zurfin ramin. Ku dasa da yamma ko ranar da akwai hadari.

A daren jajibiri a ba ledojin ruwa sosai. A ɗauke su ta gindi, kada a riƙe su ta wuya. A bakin rami a yanke gindin ledar da reza, a tsaga gefenta, a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Dashen da aka binne da ledarsa saiwarsa takan naɗe, ya tsaya ba girma. A sa shi yadda wuyansa zai yi daidai da bakin ƙasa, a mayar da ƙasa, a taka, a yi masa ɗan gurbi mai tara ruwa. A fako ko gangare, a haƙa masa rabin wata. Ledojin da aka cire a tattara su, domin dabba tana mutuwa idan ta haɗiye su.

Tazara: gawo a gona mita 10, bedi mita 5, ɗakwara mita 4 zuwa 5, bagaruwa ta shinge rabin mita zuwa mita 1.

A ranar da aka dasa, a ranar za a kewaye shi da ƙaya ko tubali. Bayan girbi ana sakin dabbobi, kuma a ranin farko ne yawancin dashe yake mutuwa. Wanda yake kusa da gida a riƙa ba shi ruwa sau ɗaya ko biyu a mako har damina ta dawo.

Matsalar hutu

A Nijar ana buɗe makarantu a Oktoba, a rufe a ƙarshen Yuni. Ke nan lokacin horar da dashe da lokacin dasawa sukan faɗo cikin babban hutu, sa'ad da malami ya tafi garinsu, yara kuma suna gona. Akwai kuma ɗan hutun da yake zuwa daidai lokacin shuka. Rumfuna da yawa a nan suke mutuwa.

A nan ne ku ɗaliban yaƙi da jahilci kuke da babban matsayi, domin ku kuna gari kullum. Kafin a rufe makaranta a yi taro, a rubuta sunayen masu ban ruwa da ranakunsu, a liƙa takardar a ƙofar rumfa. A raba dashen tun da wuri: kaza na filin makaranta, kaza na gidajen yara, kaza na sayarwa. Kowane itace da aka dasa a makaranta a ba shi mai shi, yaro ɗaya da babba ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Littafin rumfa

Ku sayi littafi guda, ku ja layuka, ku rubuta waɗannan a sama: kwanan wata, sunan itace, leda nawa aka shuka, nawa suka fito, nawa aka dasa, nawa suka rayu bayan shekara ɗaya. A shafi na dabam ku rubuta kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. A karanta wa kwamiti littafin a bainar jama'a kowane wata, domin kuɗin da ba a rubuta ba shi yake raba kan mutane.

Layi na ƙarshe shi ne ma'aunin aikinku. Misali, idan kun dasa 400, bayan shekara kuka ƙirga 240 a raye, to cikin kowane 10 an sami 6. Ku duba inda sauran suka mutu da abin da ya kashe su, ku gyara a shekara mai zuwa.

Kada a manta da sassabin zamani

Rumfa ba ita kaɗai ce hanyar samun itatuwa ba. A 1983, a nan jihar Maraɗi, wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da manoma suke sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, sai su zama itace da sauri, domin saiwarsu ta riga ta yi zurfi. Wannan shi ne sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya rena haka a gonarsa.

Saboda haka, inda akwai kututturen kalgo, ko sabara, ko gawo, a rene shi a wurin. Rumfa kuwa a bar ta ga abin da babu shi a gona: kuka, zogale, magarya mai aure, inuwar makaranta, da shinge.

Inda za a nemi shawara

Ku je wurin ma'aikatan gandun daji na Dakwaro ko na ƙaramar hukumarku, da malaman gona. Su ne za su nuna muku auren itace, su kuma gaya muku inda ake samun iri mai kyau. A Maraɗi akwai reshen cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo mai sashen koyar da aikin gona. A cikin gari ma akwai tsofaffi da makiyaya da suka san lokacin nunar kowane itace. Ku gayyace su aji su yi bayani, ku rubuta abin da suka faɗa.

Aikin kowane lokaci a taƙaice

Oktoba zuwa Disamba: taro da kwamiti, ajiye karan gero, tara taki ya ruɓe.
Janairu da Fabrairu: tara iri, yin shinge, gina rumfa.
Maris da Afrilu: cika leda, shuka.
Mayu da Yuni: ban ruwa, yanke saiwa, rubuta masu aikin hutu.
Yuli zuwa farkon Agusta: horar da dashe, dasawa, kewayewa.
Bayan girbi: gyara shinge, ban ruwa, ƙirga waɗanda suka rayu.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Waɗanne itatuwa ne iyayenku suka sani a garinku waɗanda yanzu babu su?
2. Me ya sa ake zuba wa irin gawo ruwan zafi, amma ba a zuba wa na zogale?
3. Idan kuna da jarka 2 kacal a rana, leda nawa za ku iya renawa?
4. Wa zai riƙe mabuɗin rumfa da littafinta a lokacin hutu?